Yadda ake haɗa tukunyar lantarki mai jaka don dafa zoɓo da malta mai yawa

Duk wadda ke yin zoɓon sayarwa, ko wanda aka ɗora wa abin shan biki ko na buɗe-baki a masallaci, ya san dahuwar ba ita ce wahala ba. Wahalar tana wajen tata: ɗaga tukunya mai lita 50 tana tururi, juyewa cikin rariya, ƙonewar hannu, ga hayaƙin itace ya shiga cikin abin sha. Wannan tukunyar tana kawar da duk wannan. Hita ce a cikin ruwa, sai jaka babba da ake zuba kayan a cikinta, in an gama a ɗaga jakar sama ruwan ya tsiyaye da kansa. Masu dafa giya a gida a Ostireliya ne suka yaɗa dabarar a shekarun 2000. Mu nan Bauchi ba ruwanmu da wannan, zoɓo da malta marar barasa muke yi da ita, kuma ta dace da su ƙwarai.

Kayan da za ka tanada

Tukunyar sitenles mai lita 70 zuwa 80, da murfinta. Mai tsawo ta fi mai faɗi. Kada ka yi amfani da tukunyar alminiyom in har za ka dafa zoɓo, domin tsaminsa yana cin ta, launi ya dushe, ɗanɗano ya canja. Ga malta kaɗai alminiyom ba laifi.

Hitar sitenles mai zare, wadda ake ɗaurewa a jikin tanki, wat 3000 ko 4500, da notinta da zoben silikon. Zaɓi doguwa ko mai lanƙwasa biyu: duk yadda jikinta ya fi yawa, zafin ya fi bazuwa, abu ba ya kamawa. Ta jan ƙarfe irin ta hitar banɗaki ba ta yi da zoɓo.

Famfon sitenles na rabin inci mai hannu, da noti da zoben silikon da farin tef na masu famfo. Tiyon silikon mita ɗaya da rabi.

Na'urar sarrafa zafi. Wadda ta fi samuwa da araha ita ce REX-C100, ana sayar da ita haɗe da SSR mai amfiya 40, wato makunnin lantarki da na'urar ke kunna hita da kashe ta da shi, da ƙarfen huce shi, da sandar auna zafi. Sai makunni irin na murhun lantarki mai amfiya 45 wanda ke yanke waya biyu, bireka, ELCB mai miliamfiya 30 (mai yanke wuta in ta zurare ta jikin ƙarfe ko mutum), waya mai cibiya uku, da akwatin roba ko na ƙarfe da za a zuba su ciki.

Yadin labule fari mai shara-shara na foliyesta, yadi uku, igiya mai ƙarfi, da fuli irin na jan ruwa a rijiya. Sai faifan sitenles mai huji-huji da zai zauna a saman hita, tsohon bargo, muciya doguwa, da ma'aunin zafi na hannu.

Yadi za ka samu a Kasuwar Wunti, zoɓo da dawa da kayan ƙamshi a Muda Lawal, bireka da waya a shagunan kayan wuta. Na'urar da hitar sitenles su ne kan buƙaci saƙo daga Kano ko Legas, ko oda ta intanet. Kayan aiki kuwa: diril, bakin huda mai hawa-hawa ko zarton huda, magagari, sifana, da mitar gwajin wuta.

1. Fara da wutar gidanka kafin ka sayi komai

Nan ake yanke shawarar girman hita, ba a kasuwa ba. Wutarmu bolt 230 ce. Hita mai wat 3000 tana jan amfiya 13, mai 4500 kuma kusan amfiya 20. Fulogi mai baki uku na yau da kullum iyakarsa amfiya 13, wato hita mai 3000 ta kai shi maƙura, kuma za ta yi awa biyu ko uku tana ja ba hutawa. Soket ɗin bango zai yi zafi, ya yi baƙi, ya narke. Saboda haka a ja wa tukunyar layinta daban tun daga akwatin rarraba wuta: waya mai kaurin sikwaya milimita 2.5 da bireka mai amfiya 20 ga hita mai 3000, waya mai kaurin sikwaya milimita 4 da bireka mai amfiya 25 ga mai 4500. In nisan ya wuce mita 20, ƙara kaurin waya mataki ɗaya.

Ga lissafin lokaci. Kai lita 50 daga zafin ruwan burtsatse, wajen digiri 28, zuwa tafasa yana cin yunit 4 da ɗan ɗori a mita. Da hita mai 3000 kusan awa ɗaya da rabi ke nan, da mai 4500 awa ɗaya. Wannan in wutar JED, kamfanin da ke raba wa Bauchi wuta, ta zo da ƙarfinta. In ana lo-karan, ƙarfin hita yana faɗuwa fiye da yadda mutum ke zato: a bolt 180, mai wat 3000 ba ta ba da ko 1900. A unguwar da wuta ke yawan rauni da yamma, ni na fi ba da shawarar a sayi mai 4500 a kuma yi aikin da asuba.

Janareta sai wanda ke ba da kilowat 3 da rabi na gaskiya ko fiye, kuma ga hita mai 3000 kaɗai. Ƙaramar inbata ta gida kada ma ka gwada.

2. Huda tukunya

Huji uku ne: na hita, na famfo, na sandar auna zafi. Tsakiyar hujin hita ya kasance santimita 5 daga gindi, ta yadda noti zai juya ba tare da ya taɓa lanƙwasar ƙasa ba. Na famfo ya sauka ƙasa kaɗan da haka, a wani gefen. Na sandar zafi kuma ya zauna ƙasan faifai, nesa da hita da kamar taƙi guda, don kada ta riƙa karanta zafin hitar maimakon na ruwa.

Famfon rabin inci yana son huji mai milimita 21. Hita mai zaren inci ɗaya tana son 33, mai inci ɗaya da kwata 42. Amma auna zaren da ke hannunka tukuna, kada ka huda da ƙiyasi, huji in ya yi faɗi ba ya komawa.

Sitenles yana da wani hali: in diril ya yi gudu ƙarfen ya yi zafi, wurin sai ya ƙara tauri, bakin huda ya mutu. Buga alama da ƙusa, fara da ƙaramin baki, juya a hankali kana dannawa da ƙarfi, kana ɗiga man gyaɗa. Da ka ga hayaƙi ko wurin ya fara shuɗi, tsaya ya huce. In ka gama, goge bakin hujin ciki da waje da magagari har yatsa ya wuce sumul, domin ƙaramin tsini ɗaya ya isa ya yanke zoben silikon. Wanda ba shi da diril ya kai wa masu walda, amma ya tsaya a kansu: da diril za su huda, ban da wutar walda.

3. Ɗaura hita da famfo

Zoben silikon yana zama tsakanin kan hita da jikin tukunya ta waje, noti ta ciki. Ɗaure da hannu, sannan ka ƙara kamar rabin juyi da sifana. In ka matse da yawa zoben zai tsattsage ta gefe ya fara yoyo. Zaren famfo a naɗa masa farin tef sau biyar ko shida.

Sandar zafin da ke zuwa cikin kwalin REX-C100 sau da yawa guntuwa ce mai ɗan sukuru a baki, kuma ba a yi ta don shiga ruwa ba. Nemi doguwa ta sitenles mai noti, nau'in K, ko ka sa bututun sitenles mai toshe a ciki ka zura guntuwar a cikinsa.

Yanzu cika tukunya da ruwa, shimfiɗa takarda a ƙarƙashinta, ka bar ta ta kwana. Da safe takardar za ta gaya maka gaskiya. Ba a matsawa gaba sai ta wayi gari a bushe.

Bakin hitar da ke waje, inda wayoyi ke shiga, dole a rufe shi ruf. Ƙaramin akwatin wayarin mai hana ruwa ya isa: a huda shi, kan hita ya bi ta cikinsa, wayar ta fito ta ƙasa don ruwa in ya zubo kada ya bi ta ya shiga.

4. Haɗa wuta

In wayarin ba sana'arka ba ce, kira ƙwararren mai gyaran wuta ka ba shi wannan tsari. Ruwa ne da ƙarfe da wuta a wuri ɗaya, kai kuma kana tsaye a siminti mai laima.

Wuta ta fito daga akwatin gida ta bi ta ELCB da bireka, ta shiga makunnin amfiya 45. Daga makunni, waya mai wuta ta shiga lamba 1 ta SSR, ta fita ta lamba 2 zuwa hita. Nutural ya wuce kai tsaye daga makunni zuwa ɗaya bakin hitar. Na'urar ta ɗauki wutarta daga bayan makunni ta hanyar ƙaramin fiyus, sannan siraran wayoyi biyu su fito daga gare ta zuwa lamba 3 da 4 na SSR, mai alamar tarawa zuwa 3, mai alamar ɗebewa zuwa 4. Duba rubutun gefen na'urar kafin ka biya kuɗi: mai harafin V a lambarta ita ke tuƙa SSR, mai harafin M rile ne a cikinta, wato ƙaramin makunni mai motsi, ba ita ake so a nan ba.

Wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at, ita ce ran aikin. A ɗaure ta da sukuru da noti a jikin tukunyar kanta, misali a gindin hannun tukunya, a kuma ɗaure ta a akwatin na'ura in na ƙarfe ne. Gidaje da yawa a garin nan an ja koriyar waya a bango amma ba ta je ko'ina ba. In naka haka yake, a kafa sandar at a wuri mai damshi a haɗa. Gwada da mita: tsakanin jikin tukunya da wayar ƙasa ya nuna kusan sifili. Tsakanin bakin hita biyu, mai 3000 za ta nuna om 16 zuwa 18, mai 4500 wajen 11 zuwa 12. Tsakanin kowane baki da jikin tukunya kuwa kada ya nuna komai.

SSR yana zafi sosai in yana aiki. Ɗaura shi a kan ƙarfen hucewarsa da man nan fari da ake shafa wa kan kwamfuta, haƙarƙarin ƙarfen ya leƙo waje inda iska ke kaɗawa. A zafin Maris da Afrilu ƙara masa ƙaramar fanka. Kuma ka sani, in SSR ya lalace yawanci a kunne yake maƙalewa, na'ura tana cewa a kashe hita tana ci gaba da dafawa. Shi ya sa makunnin hannu ya zama dole, kuma da shi ake kashewa duk lokacin da za a sa hannu a tukunya.

Wanda bai samu na'ura ba zai iya farawa da makunni da ma'aunin hannu kawai. Zoɓo ba ya buƙatar fiye da haka. Na'urar sarrafa zafi ta STC-1000 ma tana yi, amma rilenta amfiya 10 ne, sai an haɗa ta da kwantakta, wato babban makunni mai ɗaukar wuta mai nauyi, in ba haka ba za ta ƙone.

5. Faifai, jaka da abin ɗagawa

Faifan ya zauna a kan ƙafafu na dogayen sukuran sitenles, santimita 8 daga gindi, ya rufe saman hita gaba ɗaya. Jakar foliyesta tana jure tafasasshen ruwa, amma in ta kwanta a kan hita nan take ta narke. Babu faifai? Babban tiren sitenles da aka yi wa huji da yawa zai yi.

Ka kai wa tela tukunyar da kanta. Ma'aunin jaka shi ne tukunyar ta iya shiga cikinta, sannan a ƙara taƙi guda a tsawo don a naɗe a baki. Ɗinki biyu, da zaren foliyesta, kuma ɗinkin ya koma waje don kada tsaki ya maƙale a ciki. A ɗinka maɗauri biyu masu faɗi da za su gitta ta ƙasan jaka su fito sama su zama hannaye huɗu, saboda su ne za su ɗauki nauyi. Kilo 8 na hatsi in ya sha ruwa yana haura kilo 20 lokacin ɗagawa. Tafasa jakar sau ɗaya kafin amfanin farko. Ƙyallen tatar koko ma yana aiki in an rasa, sai dai yana saurin toshewa.

Fulin a rataye shi daidai tsakiyar tukunya, a jikin katako mai ƙarfi ko ƙafa uku ta ƙarfe da mai walda zai yi maka. Tukunyar kuma a ɗora ta a teburin ƙarfe ko bulo mai tsayin gwiwa, yadda bokiti zai shiga ƙasan famfo.

6. Gwajin ruwa zalla

Zuba lita 40, danna maɓallin gwaji na ELCB ka ga ya yanke, mayar da shi, sannan ka kunna. Saita na'ura a digiri 65, in ta kai ka kwatanta da ma'aunin hannu bayan ka gauraya ruwan. In akwai bambanci, rubuta shi a jikin akwatin.

Sai ka bar shi ya tafasa. Za ka ga na'ura ta tsaya wajen 98 ta ƙi gaba, kada ka ce ta lalace. Bauchi tana kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, kuma a wannan zafin ruwa ke tafasa a nan. In kana son tafasa mai ƙarfi saita ta a 110, hita za ta zauna a kunne. Yi alama a jikin tukunya daidai yatsu uku sama da hita: ruwa ba ya sauka ƙasa da wannan alama wuta na kunne. Hita a bushe cikin daƙiƙoƙi take ƙonewa, kuma yawanci lokacin tsiyaya ake yin wannan kuskure, a buɗe famfo a manta da makunni.

7. Zoɓo

Lita 50 na ruwa, busasshen zoɓo kilo 2 zuwa 2 da rabi, a ɗauraye shi sau biyu saboda yashi. Sa jaka, zuba dakakkiyar citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tafasa minti 15. Kashe wuta, zuba zoɓon, rufe, bar shi rabin awa. Ɗaga jaka ta tsiyaye, kada ka matse ta sosai don bauri. Sukari a zuba shi wuta na kashe, a juya har ya narke tas, in ba haka ba ya kwanta a kan hita ya ƙone.

8. Malta daga tsiron dawa

Nan ne na'urar ke biyan kuɗinta. A 1988, lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin malta na ƙasar nan sun koma ga dawa, don haka ba baƙon abu ba ne. Farafara ko kaura sun fi jar dawa, wadda ke da bauri. Jiƙa ta kwana ɗaya kana canja ruwa, baza a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa kwana uku zuwa huɗu kana yayyafi, sannan a shanya a rana ta bushe ƙayau. Duk wadda ta yi fumfuna a zubar. Murje saiwa da tsiron da suka fito a sheƙe su sarai, domin akwai guba a jikinsu, wadda ke kashe dabba in ta ci ɗanyen tohon dawa. A ɓarza kamar tsaki, kada ya zama gari. Don launi, soya rabin kilo a kasko har ya yi ja-ja-baƙi a haɗa.

Matsalar dawa ita ce sitacinta ba ya nuna sai zafi ya haura 75, abin da ke mayar da shi zaƙi kuma a wannan zafin yake mutuwa. Masu kunun zaƙi sun daɗe da warware wannan: su dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa, ya sha iska, sannan su zuba ɗanyen ƙullu mai tsiro. Hanyar ke nan za mu bi.

Zuba ruwa lita 35, kai shi digiri 50, kashe wuta, sa jaka, zuba kilo 8 kana juyawa don kada ya yi gudaji. Bayan rabin awa ya kwanta, ɗebi lita 10 ta famfo a bokiti mai tsafta ka rufe ka ajiye, domin abin da ke mayar da sitaci zaƙi yana cikin wannan ruwan. Ƙara lita 5 na ruwa a tukunya, saita 88, kuma daga nan muciya ba ta barin hannunka. Garin da ya ratsa jaka yana taruwa a ƙasan faifai, shi ke kamawa a hita, kuma ƙauri in ya shiga ba ya fita. Lokaci-lokaci tari ruwan a jug ta famfo ka juye a sama, wannan yana hana kwanciya, yana kuma daidaita zafin sama da na ƙasa. Bayan minti 25 a wannan zafi abin zai yi kauri. Kashe wuta, zuba ruwan sanyi wajen lita 15 har ma'aunin hannu a tsakiyar tsaki ya nuna 69 ko 70, sannan ka mayar da lita 10 ɗin nan. Zai sauka wajen 64. Kada ka mayar da shi kafin zafin ya sauka, nan ne mutane ke asarar aikinsu duka.

Rufe, lulluɓe da bargo amma ban da akwatin wayoyi, saita 64, bar shi awa ɗaya da rabi. Za ka ga kaurin ya saki, ya tsinke, ya yi zaƙi. Don tabbatarwa ɗiga kaɗan a farin faranti ka sa masa ɗigon aidin: in ya koma shuɗi mai duhu da sauran sitaci, ƙara rabin awa. Abin da ke farantin a zubar.

Ɗaga jaka, bar ta ta tsiyaye minti 15, matse ta tsakanin murafe biyu. Tsakin abincin awaki da kaji ne, a ba su ranar. Tafasa ruwan minti 45 zuwa awa ɗaya, murfi a buɗe, kana kwashe kumfa. Tsaya kusa a farkon tafasa, yana iya hauro baki. Za ka tashi da lita 40 zuwa 45. Wanda ya samu alkama ya yi tsiro da ita ya huta da duk wannan zagaye: digiri 65 na awa ɗaya kawai.

In aka ɗauke wuta ana tsaka da jiran zaƙi, ba abin damuwa, bargo zai riƙe. In lokacin tafasa ne, tsiyaye a wata tukunya a ƙarasa a kan gas ko itace. Wannan tukunyar dai ba a ɗora ta a wuta, zoben silikon da wayoyi ba za su ɗauka ba.

9. Hucewa da wanki

Malta ruwa ne mai zaƙi marar tsami, duk abin da ƙwayar cuta ke so. In ya kwana a waje zai yi tsami, in ya ƙara kwana ya fara kumfa ya juye ya zama abin da ba shi ka nufa ba. Tsiyaye shi da zafinsa cikin ƙananan tukwane masu murfi, tsoma su a baho mai ruwa da ƙanƙara, a ɗura a robobi masu tsafta, sai firji. A sha cikin kwana biyu zuwa uku. Kada a toshe shi a kwalba a ajiye a kanta kamar na kamfani, su suna da injin kashe ƙwayoyin cuta bayan rufewa. Zoɓo tsaminsa yana ɗan kare shi, amma shi ma firji yake so. Mai niyyar sa masa tambari ya kai shaguna sai ya yi rajista da NAFDAC.

Kafin wanki a kashe makunni da bireka duka. Goge hita da soso mai laushi tun tana da ɗumi, ban da soson ƙarfe. In ruwan rijiya ya bar farin ɓawo a jikinta, a jiƙa ta da ruwan tsamiya ko lemon tsami ta kwana, ɓawon zai saki. Buɗe famfo ka rufe sau da yawa ruwa na bi ta ciki, saboda zaƙi yana ɓuya a bayan ƙwallonsa. Jaka kuma a juya cikinta waje, a kakkaɓe, a wanke da ruwan zafi ba tare da sabulu mai ƙamshi ba, a shanya ta bushe sarai kafin a naɗe.